Gudumar Ƙarfe: tambayoyin da ake yi mini a kan Lang Ping, da amsoshinsu

Duk wanda ya taɓa shiga ɗan ɗakin da muke ajiye raga da ƙwallaye a makarantarmu ya ga hoton nan. Wata mata ce 'yar ƙasar Sin, da tabarau a idonta, tana tsaye a gefen fili tana yi wa wata doguwar yarinya bayani da hannu. Na daɗe ina koya wa 'yan mata ƙwallon raga a cikin birnin Kano, ranar Asabar kuma nakan leƙa wajen samari a Ƙofar Mata. Sabuwar ɗaliba in ta zo sai ta tambaya, uba in ya zo ɗaukar 'yarsa sai ya tambaya, har abokan aikina malaman lissafi sun tambaya. Na gaji da amsawa a tsaitsaye tsakanin La'asar da Magariba, shi ya sa na tara tambayoyin wuri ɗaya.

Malam, wai wace ce wannan matar?

Sunanta Lang Ping. An haife ta ranar 10 ga Disamba, 1960, a birnin Tianjin, ta tashi a Beijing. A 1973 ta fara ƙwallon raga, a 1978 aka kira ta ƙungiyar ƙasa ƙarƙashin koci Yuan Weimin. Tsawonta mita 1.84. Ita ce mutum na farko, mace ko namiji, da ya ci zinaren Olamfik a ƙwallon raga yana ɗan wasa, ya kuma dawo ya ci yana koci. Na farkon a Los Angeles ne a 1984, na biyun a Rio a 2016. Shekara talatin da biyu ke nan tsakani, kuma abin da ya faru a cikin waɗannan shekarun ne ya sa na liƙa hotonta, ba zinaren ba.

In kana da abokin ciniki ɗan Sin a Kantin Kwari wanda ya haura arba'in, ambaci sunanta ka ga fuskarsa.

Me ya sa ake ce mata Gudumar Ƙarfe?

Saboda dukanta. Tana buga wasa ne daga gefen hagu na gaba, wurin da muke cewa lamba huɗu, inda ake aika ƙwallo idan an rasa dabara. Mai ɗaga ƙwallo in ta ga abu ya rikice, can take cillawa, kuma abokan karawa sun san can za ta je, sun riga sun tsayar da mutum biyu da hannuwa a sama. Mai lamba huɗu aikinta ta fasa wannan katangar ko ta zagaye ta. Ragar mata tsayinta mita 2.24 ne, ita kuwa Lang Ping takan tashi ta same ta daga can sama, ta sauko da ƙwallon kamar ana sara itace. A zamaninta mutum uku ake lissafawa a wannan fanni: ita, da Flo Hyman ta Amurka, da Mireya Luis ta Kyuba.

Me da me ta ci tana 'yar wasa?

Manyan kofuna huɗu a jere. Kofin Duniya na 1981 a Japan, Gasar Duniya ta 1982 a Peru, Olamfik ta 1984, sai Kofin Duniya na 1985. Na biyar, wato Gasar Duniya ta 1986, Sin ta ci shi ne ita tana benci a matsayin mataimakiyar koci. Waɗannan biyar ɗin su ne 'yan Sin ke taƙama da su har yau.

Na 1981 shi ne mai nauyi. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga shekarun ruɗani ba, tana ƙoƙarin buɗe ƙofa ga duniya, kuma ba ta taɓa cin kofin duniya a ɗaya daga cikin manyan wasannin ƙwallo na ƙungiya ba. A watan Nuwamba, a birnin Osaka, suka doke Japan mai masauki da ci uku da biyu a wasan ƙarshe. Mutane suka fito titunan Beijing cikin dare. Jaridun gwamnati suka fara kira ga ma'aikata da ɗalibai su yi koyi da 'yan matan ƙwallon raga. Wanda ya ga yadda Kano ta kasance daren da Najeriya ta ci zinaren ƙwallon ƙafa a Atlanta a 1996 zai ɗan fahimta, sai dai nasu ya zarce murnar dare ɗaya, ya zama abin da ake koyarwa a aji.

Ku lura kuma, wasan wancan lokaci ba irin namu ba ne. Ba ka samun maki sai sabis yana hannunka, zagaye kuma a maki 15 yake ƙarewa, don haka wasa ɗaya na iya jan sa'o'i ana ta musayar sabis allo bai motsa ba. Babu libero, wato ɗan wasan da aikinsa tsaron baya kawai. Tsarin maki 25 da libero duk a ƙarshen shekarun 1990 suka shigo. Mai duka a lokacin dole ta iya karɓar sabis da tsaron baya da kanta.

Amma ai Rasha da Kyuba ba su je Olamfik ta 1984 ba. Zinaren bai ragu ba?

Wani ɗalibin BUK ne ya yi mini wannan tambayar, kuma ban ji haushinta ba, don gaskiya ya faɗa: Tarayyar Sobiyet da Kyuba sun ƙaurace wa gasar. Sai dai a tuna cewa Sin ta je ne tana riƙe da kofunan 1981 da 1982, gasa biyu da waɗannan ƙasashen suka halarta. Sannan Amurka ta lokacin, da Flo Hyman a ciki, ba kanwar lasa ba ce. Ta doke Sin uku da ɗaya a rukuni, a gaban jama'arta. Kwanaki kaɗan suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Sin ta rama uku da nema. Ni a wurina wannan ramuwar ta fi mini zinaren daraja, kuma ku riƙe ta a rai, don za ku sake ganin irinta a Rio.

Me ya kai ta Amurka bayan ta daina wasa?

Nan ne labarin ya fara ba ni mamaki. Tana da shekara ashirin da biyar ta ajiye wasa, a lokacin babu fuskar da aka fi sani a ƙasar. Hanyar da aka saba ita ce a ba irinta kujera a hukumar wasanni, mota da direba, ta zauna tana yanke kirtani a bukukuwa. A 1987 ta bar duk wannan ta tafi Amurka, ba ta jin Turanci sosai, ba ta da kuɗin kirki. Ta sauka a Jami'ar New Mexico, tana karatun harkar gudanar da wasanni, tana kuma aikin mataimakiyar koci a ƙungiyar ɗalibai.

Ku tsaya ku auna wannan. Matar da ta ci duk abin da ake ci a duniya, ga ta tana cilla wa 'yan jami'a ƙwallo, yaran da ko benci ba za su samu ba a ƙungiyarta ta da. A nan ne ta koyi abin da gwani ba ya sani. Gwani jikinsa ne ke yi masa aiki, in ka ce ya faɗa maka yadda ya yi, sai ya ce “ai haka ake yi,” ya sake yi maka. Sai ka zauna da wanda jikinsa ba ya yi kafin ka gane cewa dukan nan ɗaya da ake gani kashi-kashi ne: takun ƙafa uku, lokacin tashi, buɗe kafaɗa, inda tafin hannu ke haɗuwa da ƙwallo. Guduma ba ta san yadda ake ƙera fartanya ba. Maƙerin ne ya sani, shi da ya san wane ƙarfe ke son wuta da yawa, wane ne zai tsage in an matsa masa.

Rashin kuɗi ya mayar da ita fili a 1989, ta buga wa ƙungiyar Modena a Italiya, gwiwarta kuma ta sha wuya a can. A 1990 ƙasarta ta kira ta, ta buga Gasar Duniya, suka zo na biyu bayan Tarayyar Sobiyet.

Da ta zama babbar koci, nan take ta fara cin kofi?

A'a. An kira ta a 1995 bayan ƙungiyar Sin ta lalace: ta bakwai a Olamfik ta 1992, ta takwas a Gasar Duniya ta 1994. Cikin shekara ɗaya da 'yan watanni ta kai su wasan ƙarshe a Atlanta. A can suka ci karo da Kyuba ta su Mireya Luis da Regla Torres, ƙungiyar da ta ci zinare sau uku a jere, 1992 da 1996 da 2000. Azurfa. A Gasar Duniya ta 1998, Kyuba ce dai, azurfa ce dai. Bayan nan ta ajiye aikin saboda lafiyarta, ta koma Italiya ta shafe shekaru tana horar da ƙungiyoyin kulob, inda babu mai kawo maka 'yan wasa a sansani shekara guda suna cewa to, sai dai ƙwararru daga ƙasashe daban-daban, kowacce da albashinta da ra'ayinta. A 2002 aka saka sunanta a zauren karrama gwanayen wasan da ke Holyoke, garin da William Morgan ya ƙirƙiro ƙwallon raga a 1895.

Da gaske ne ta horar da Amurka har ta doke ƙasarta?

Da gaske ne, kuma a cikin Beijing. Ta karɓi ƙungiyar matan Amurka a 2005. A Olamfik ta 2008 ƙuri'a ta haɗa su rukuni ɗaya da Sin mai riƙe da zinaren 2004, wadda Chen Zhonghe ke horarwa, mutumin da suka yi aiki tare tun tana 'yar wasa. Shugaban Sin na lokacin, Hu Jintao, na zaune a ɗakin wasan. Amurka ta ci uku da biyu. Daga ƙarshe Amurka ta tafi da azurfa bayan Birazil ta doke ta, Sin ta tsira da tagulla.

Samarinmu na son wannan tambayar, don suna so in ce ta ci amana. Wasu 'yan ƙasarta ma sun faɗi haka a lokacin, ko da yake jama'ar ɗakin tafi suka yi mata. Ni ban ga cin amana ba. Tela ɗan Kano in ya ɗinka wa Bazazzagi riga, ba ya karkata wuyan don kishin gari. Ba ta sauya fasfo ba, aiki aka ba ta ta yi shi da gaskiya. Abin da ta gani a can kuma, na likitoci da masu kula da ƙarfin jiki da masu nazarin bidiyo, shi ta kwaso ta kawo gida daga baya.

Mene ne ya faru a Rio da kullum kake maimaita mana?

Ta dawo ƙungiyar ƙasar Sin a 2013, bayan ta ratsa ta Turkiyya da wani kulob a Guangdong. Sin ta fita daga Olamfik ta 2012 tun a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, a hannun Japan. Lang Ping ta tara yara, a cikinsu akwai Zhu Ting, 'yar manoma daga lardin Henan, haihuwar 1994, mai tsawon mita 1.98. Suka zo na biyu a Gasar Duniya ta 2014, suka ci Kofin Duniya na 2015.

Sai Rio. A rukuni wasa biyar suka buga, suka faɗi uku: a hannun Holan, da Sabiya, da Amurka. Da ƙyar suka tsallake a matsayi na huɗu, ladan na huɗu kuwa shi ne haɗuwa da ta ɗaya a ɗaya rukunin. Birazil ke nan, mai masauki, mai zinaren 2008 da 2012, wadda ta ci wasanninta biyar ba ta bar ko zagaye ɗaya ba. Ɗakin Maracanãzinho cike da rawayen riguna. Zagayen farko Birazil ta cinye 25 da 15, kowa ya ce an gama.

A nan kocin ta yi aikinta. Ta shiga sauya mutane, ta ɗauko Liu Xiaotong daga benci, wadda Birazil ba ta shirya mata ba, ta riƙa musanya masu ɗaga ƙwallo biyu don saurin wasan ya riƙa canzawa. Sin ta ci na biyu 25 da 23, na uku 25 da 22, ta faɗi na huɗu, ta ci na biyar 15 da 13. Ɗan hakin da ka raina. Daga nan suka rama wa Holan uku da ɗaya, suka rama wa Sabiya uku da ɗaya a wasan ƙarshe, shi ma bayan sun faɗi zagayen farko. Zhu Ting ce gwarzuwar gasar.

Abin da nake so yarana su gani shi ne wannan: ƙungiyoyi biyu da suka doke ta a makon farko, su ta doke a mako na biyu, da 'yan wasa iri ɗaya. Ba wadda ta ƙara tsawo cikin kwana goma. Karatun abokin karawa ne ya canza.

To me take yi wanda sauran ba sa yi?

Babban abin da ta sauya shi ne yawan mutane. Al'adar da ta gada ita ce a zaɓi shida ko bakwai a yi ta niƙa su har su ƙware ko su karye. Ita sai ta riƙa kiran sansani mai faɗi, tana jarraba yara a ƙananan gasa ko da za a faɗi, tana hutar da manya. Shi ya sa ranar da ta waiwaya benci a Rio ta tarar da mutum, ba 'yar rakiya ba. Ta kuma kawo masana lafiyar jiki daga waje, don ita kanta an sha yi wa gwiwarta aiki, a 2017 ma sai da aka yi mata tiyatar ƙugu. Wanda ya san zafin abu ba ya wasa da shi.

Sai yadda take magana lokacin ɗan hutun da koci ke nema. Daƙiƙa talatin ce. Ku kalle ta, ba ta ɓata su wajen faɗa. Abu ɗaya ko biyu take nunawa: sabis ya tafi kan wance, katanga ta matsa ciki. Mu nan sai mu cinye lokacin muna “me ke damunku ne?”, alƙali ya busa, yara su koma ba su ƙaru da komai ba. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba.

Ke nan duk gwanin ɗan wasa zai iya zama koci?

Da haka ne da an huta. Na taɓa gayyato wani tsohon ɗan wasa, gwani na gaske, ya taimaka mini da yara na mako biyu. Ran farko ya buga ƙwallo ɗaya ta tashi ta haura katangar makaranta, yara suka yi ta ihu. Ran na huɗu rabinsu ba su zo ba. Bai iya gane dalilin da zai sa yarinya ta kasa abin da shi yake yi ido rufe ba, sai ya ɗauka raini ne. Ba mugu ba ne, bai taɓa zama a bayan layi ba ne.

Mutum na biyu da ya yi irin abin da Lang Ping ta yi shi ne Karch Kiraly na Amurka. Shekararsu ɗaya, 1960, kuma a gasa ɗaya suka fara cin zinare, 1984. Ya ƙara a 1988, ya ci na ƙwallon raga na bakin teku a 1996. Shi ma da ya zo ƙungiyar mata ta ƙasa, mataimaki ya fara zama daga 2009 zuwa 2012 kafin a ba shi ragama. Shi ya doke ta a wasan ƙarshe na 2014 a Milan, ya kuma ci zinaren Tokyo. Su biyun nan, duk da sunansu, sai da suka riƙe wa wani allo.

Ta taɓa faɗuwa warwas kuwa?

Sau biyu. A shekararta ta farko da dawowa, 2013, Sin ta zo ta huɗu a gasar Asiya, Tailan da Koriya ta Kudu suka doke ta, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai Tokyo a 2021. Sun je ne bayan sun ci Kofin Duniya na 2019 da wasa goma sha ɗaya ba faɗuwa, amma wuyan hannun Zhu Ting ya samu rauni, Turkiyya da Amurka da 'yan wasan Rasha suka doke su a jere, suka fita tun a rukuni. A nan ina da ƙorafi a kanta: matar da ta koya wa duniya faɗaɗa benci, ga shi ƙungiyarta ta rataya a hannun mutum ɗaya. Ta ɗauki laifin a bainar jama'a, ta nemi afuwa, ta sauka. Bayan wasansu na ƙarshe da Ajantina 'yan wasan suka jeru suka sunkuya mata suna kuka.

Malam, ni 'yata ce ke so. Suturar fa? Kuma ba za ta nakasa ba?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da na fi samu daga iyaye, kuma tana da hujja. Gajeren wandon da kike gani a talabijin ba sharaɗin wasa ba ne. A Rio ɗin nan dai, Doaa Elghobashy ta Masar ta buga ƙwallon raga na bakin teku da hijabi da dogon wando da riga mai dogon hannu. Yaranmu da dogon wando da ƙaramin hijabi suke yi, a cikin harabar makaranta, raga kuma ta raba ɓangare biyu, babu gogayyar jiki kamar a ƙwallon ƙafa.

Maganar gwiwa kuwa ba zan ɓoye miki ba. Yawancin filayenmu siminti ne, tsalle a kan siminti kuma yana cin gwiwa a hankali. Don haka ba na barin ƙananan yara su yi ta tsalle, sai sun iya sauka da ƙafa biyu gwiwa a lanƙwashe. A saya mata takalmi mai taushin ƙasa da abin kare gwiwa tun kafin a yi maganar riga mai lamba. Lokacin zafin Maris da Afrilu sai rana ta yi sanyi muke fita, da azumi kuma mukan rage zuwa karɓar ƙwallo da sabis kawai. In ta ce gwiwa na ciwo, a yarda da ita, a kai ta asibiti, kada a ce ragwanci ne.

Wane wasa zan fara kallo?

Sin da Birazil, Rio 2016, ana samunsa a YouTube. In data ba ta da yawa, tsallake zagayen farko ka fara daga na biyu. Ka kalle shi sau biyu. Karon farko bi ƙwallo kamar kowa. Karo na biyu ka riƙe takarda da biro, duk lokacin da Sin ta sauya 'yar wasa ko ta nemi hutu ka rubuta makin da ke kan allo, sannan ka rubuta wanda ya ci maki ukun da suka biyo baya. Ka zo mini da takardar ranar Asabar a Ƙofar Mata, bayan La'asar.